Amsa ga Kawu: tsibirin Bola da mutanensa

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawu barka da yamma, Allah ya ƙara lafiya. Na ga tambayarka tun jiya a ƙarƙashin bidiyon nan da aka turo, wanda ruwa ke yanko gaɓa yana haɗiye gidaje a Bangaladash. Ka ce wane irin wuri ne wannan, mutum nawa ne a cikinsa, kuma me ya hana su tashi su bar wa ruwa kayansa. Rubutu zai yi yawa, shi ya sa na ɗauki murya. Wurin da aka ambata a bidiyon, Bola, na taka shi da ƙafata lokacin ina karatu a Gazifur, wani gari kusa da Daka, babban birnin ƙasar. Wani abokin karatuna ɗan can ne, shi ya ja ni gidansu hutu.

To Kawu, tsarinsu na mulki hawa-hawa ne. Akwai babban yanki da suke ce wa bibag, a ƙarƙashinsa zila, sai upazila wadda za ka iya kwatanta ta da ƙaramar hukuma, sai yuniyon mai haɗa ƙauyuka. Bola zila ce a yankin Barisal, can kudu, kuma a 1984 aka ba ta wannan matsayi. Upazila 7 gare ta: Bola Sadar, Daulatkan, Burhanuddin, Tajumuddin, Lalmohan, Car Fason da Manfura. Bola ita ce tsibiri mafi girma a ƙasar. Gabas kogin Megna, yamma kogin Tetuliya, kudu tekun Bengal. Ta ko'ina ka ɓullo sai ka hau ruwa. Mu daga tashar Sadargat a Daka muka shiga jirgin ruwa mai hawa-hawa bayan magariba, kowa ya shimfiɗa zanensa a ƙasa ya kwanta, sai da asuba muka sauka.

A takarda faɗin zilar murabba'in kilomita 3,403 ne, wato kusan jihar Legas. Amma kaso mai yawa na wannan lissafin ruwa ne, ba ƙasar da za ka kafa gida ba. Ƙidayar 2011 ta samu mutum wajen miliyan 1.78, ta 2022 kuma miliyan 1.93. Kusan duka Musulmi ne, akwai 'yan Hindu kaɗan, kowa Bangla yake yi, kuma mafi yawa mazauna ƙauye ne. Sai dai ƙauyensu ba irin namu ba ne da za ka fita gari ka yi tafiya cikin daji kafin ka tarar da wani. Tafiyar awa guda muka yi a keke mai ƙafa uku, wallahi ban ga inda ƙauye ya ƙare wani ya fara ba. Gida, kududdufi, gonar shinkafa, gida, masallaci, makaranta, gida.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji. Ƙasar nan ba a tsaye take ba. Manyan koguna, Ganjis da Barahmaputra, suna kwaso laka tun daga duwatsun Himalaya, su haɗu su zubo ta bakin Megna. Wannan lakar ce ta yi Bola gaba ɗaya. Ko tsakuwa ba ka gani a ƙasa. To ruwan da ya gina ta shi ke cin ta. Da damina ya zaizaye gaɓa ta nan, ya je ya tara lakar can gaba, bayan 'yan shekaru sabuwar ƙasa ta ɓullo a tsakiyar ruwa. Ita suke kira car. Da farko ciyawa ce ke fita, makiyaya su kai dabbobi, daga baya a shuka shinkafa, sai ka ga bukkoki. Car Fason ɗin da na ambata, ka ji sunan ma daga nan ya samo.

Mahaifin abokin nawa, Baba nake ce masa, wata rana bayan la'asar ya kai ni bakin ganuwar ƙasa da aka yi don tare ruwa. Ya miƙa hannu can tsakiyar kogi inda kwale-kwalen masunta ke shawagi, ya ce a nan aka haife shi, a nan kabarin mahaifinsa yake. Ba abin da nake gani sai ruwa ja-ja-ja yana tafiya. Da muka koma gida ya buɗe akwatin ƙarfe ya fito da takardun gonar, a naɗe cikin leda, gefensu duk ya ci. Yana ajiye da su ne saboda dokarsu ta ce idan ƙasar da ruwa ya ci ta sake fitowa cikin shekara 30, mai ita na da haƙƙi a kanta. Idan ta wuce haka ta zama ta gwamnati. Kawu, na daɗe ban ga abin da ya taɓa min zuciya irin takardun nan ba.

Gidan nasu ma na lura da shi. Katako ne da kwano a kan dandamalin laka da aka ɗaga sama. Da gangan aka yi shi haka, idan ruwa ya matso a kwance shi cikin yini guda a ɗora a jirgi a kafa a gaba.

Sannan ga guguwa. Daren 12 ga Nuwamban 1970, cikin watan azumi, guguwar teku ta afka wa yankin, lokacin ana kiran ƙasar Pakistan ta Gabas. Mutum 300,000 zuwa 500,000 suka rasu, ba a taɓa samun guguwar da ta kashe jama'a kamarta ba a tarihin da aka rubuta. A Tajumuddin kaɗai kusan rabin mutanen suka tafi a dare ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jinkirin agaji daga gwamnatin wancan lokaci ya ƙara wa mutane fushi, aka yi zaɓe a Disamba, a 1971 aka yi yaƙi ƙasar ta ɓalle. Bayan nan suka tashi tsaye. Makarantun firamare da yawa an gina su a kan ginshiƙai, ƙasa a buɗe don ruwa ya wuce, sama mafaka. Akwai tuddan ƙasa da aka tara don dabbobi, akwai 'yan sa-kai da ke zagayawa da lasifika da tutoci idan an ga alamar hadari. Guguwar Sidir ta 2007 mai ƙarfi ce ƙwarai, amma waɗanda suka rasu 'yan dubbai ne.

Maganar tashi kuwa, suna tashi Kawu. Duba lissafin ƙidayar nan da na faɗa, cikin shekara 11 ƙarin bai kai mutum 200,000 ba, alhali ana haihuwa. Samari suna tafiya Daka da Citagon neman aiki. A unguwar Mirfur ta Daka har akwai matsugunin talakawa da ake kira da sunan Bola, waɗanda ruwa ya koro ne suka kafa shi. Amma duk ƙasar ba ta kai jihar Neja biyu ba, ga mutum kusan miliyan 170. Ina filin da ba mai shi?

Kuma ruwan nan shi ke ciyar da su. Kifin ilish, wanda duk Babangale ke ji da shi, bakin Megna ne gidansa, har gwamnati kan hana kamunsa na kwana 22 wajen Oktoba don ya yi ƙwai, ta raba wa masunta shinkafa. Lakar kuma ba ta buƙatar roƙo, shinkafa, kankana, barkono, kwakwa, duk suna yi. Akwai iskar gas a Burhanuddin. Suna da ɓauna ta gida da ake kiwo a car, nononta ake yin kindirmo da shi a tukunyar ƙasa, mai kauri har cokali ya tsaya, a ci da mazarƙwaila. Baƙo kuma ba ya tashi sai an miƙo masa supari a naɗe cikin ganye, kamar yadda muke miƙa goro.

Ranar da zan taho na tambayi Baba sau nawa ya kwance gida. Ya ɗaga yatsu huɗu. Na ce idan ruwa ya sake zuwa fa? Ya nuna min wani fili bayan ganuwa, ya ce ya riga ya yi magana da mai wurin.

Kawu a gaida su Inna da yara. Wassalamu alaikum.