Kuɗin ruwan sama: wa zai biya, kuma wa ya cancanci karɓa?

Wasiƙun wannan mako sun tsaya ne a kan kuɗin da ake karɓa don kula da magudanan ruwan sama. Uku sun zo daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka, biyu kuma daga gida.

Tambaya: Na sayi gida a Filadelfiya, sai na ga a takardar kuɗin ruwa ta kowane wata akwai wani kuɗi daban na ruwan sama. Allah ne ke saukar da ruwa, don me za a ce in biya? Ko cuta ce?

Malam, ba cuta ba ce, kuma ba ruwan ake sayar maka ba. Kuɗin ɗauke shi kake biya, domin ruwan da ya sauka a rufinka da daɓen ƙofar gidanka, wanda a da ƙasa ce ke shanye shi, yanzu titi yake gangarawa ya faɗa bututun hukuma. A tsofaffin unguwannin birninku bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan sama da ƙazantar bayan gida, saboda haka idan aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya cika ya amayar da abin da ke cikinsa a kogunan Delaware da Schuylkill, waɗanda daga gare su ne birnin ke ɗibar ruwan sha. Kafin 2010 girman mitar ruwa ake dubawa wajen raba wannan nauyi, har ya zama ƙaton filin ajiye motoci da ba shi da famfo ba ya biyan komai, alhali shi ne ya fi kowa zubo ruwa. Daga 2010 ɗin aka koma auna faɗin fili da yawan wurin da aka toshe da kwalta ko siminti, gidajen zama kuma aka yanka musu kuɗi iri ɗaya. Tsarin ba sabo ba ne, garin Bellevue na jihar Washington ya fara shi tun 1974, kuma a Jamus birnin Berlin yana lissafa shi ne bisa kowane murabba'in mita. Gargaɗina shi ne kada ka ce za ka biya kuɗin famfo ka bar wannan, domin bashin ruwa a can ana iya ɗora shi a kan gidan kansa, ranar da ka tashi sayarwa ya tsaya maka a gaba.

Tambaya: Ni ɗan kwamitin masallaci ne a jihar Maryland. Ba ma biyan harajin gida, kuma mun ji an soke harajin ruwan sama a jihar, to mu daina biya?

Wanda ya ba ku wannan labari rabinsa ya ji. A 2012 jihar ta wajabta wa gundumomi tara da birnin Baltimore karɓar kuɗin don tsabtace gaɓar ruwan Chesapeake; Larry Hogan ya yi yaƙin neman gwamna da sukar dokar a 2014, a 2015 kuma aka cire tilascin, aka bar wa kowace gunduma zaɓi. Wasu sun daina, Baltimore ta ci gaba. Yafe muku harajin gida bai shafi wannan ba, tunda kuɗin hidima ne, kuma tun 2011 doka ta ce hatta ofisoshin gwamnatin tarayya su biya. Ku je ofishin gundumarku ku tambayi rangwamen wuraren ibada, sannan kafin ku shimfiɗa sabuwar kwalta don motocin ranar Juma'a ku lissafa abin da za ta ƙara muku.

Tambaya: Maigidana ya rasu, ni kaɗai nake riƙe da gida da yara a wajen birnin Washington. An ce in sayi gangar tara ruwan indararo don a rage mini kuɗin. In saya?

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya ba ki ikon riƙon amana. Kada ki yi gaggawar fitar da kuɗi. Ruwan milimita 25 a kan rufi mai murabba'in mita 100 lita 2,500 ne, wato jarka 100 irin ta 'yan garuwa, gangar da ake tallata miki kuwa lita 200 da 'yan kai take ci, don haka tun ruwan bai yi nisa ba ta cika. Ki fara kiran hukumar ruwa ta inda kike, ki tambaye su ko suna rage wa gidajen zama kuɗi saboda ganga, nawa ne ragin a shekara, kuma ko suna ba da gangar kyauta ko da sauƙin farashi, domin birane da dama suna yin haka. Idan ragin ba zai mayar miki da kuɗinki cikin 'yan shekaru ba, ki bar ta, sai dai idan kina da shuke-shuken da za ki riƙa ba ruwa. In kin saya, ki rufe bakinta da raga saboda sauro, ki kuma zubar da ruwan kafin hunturu don kada ƙanƙara ta fasa ta. Ki kuma tambaya game da tallafin masu ƙaramin ƙarfi, wanda sau da yawa ya fi ragin ganga amfani, kuma babu abin kunya a nemansa.

Tambaya: A unguwarmu a Kano wasu samari suna bi gida-gida da rasit suna karɓar kuɗin gyaran kwata, suna cewa ko a Amurka haka ake yi. Mu biya?

Ɗan'uwa, kada ka ba su ko sisi sai ka san wanda ya aiko su. Wannan al'amari ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin da zarar hadari ya fara haɗuwa sai masu rasit su fito, kuma tun ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 tsoron mutane ya zama jarinsu, duk da cewa waccan masifa daga fashewar madatsar ruwa ta Alau ta taso, abin da babu kuɗin kwatar da zai hana shi. Rasit ba hujja ba ne. Duk wanda ya san hanyar shagon buga takardu zai iya fitowa da littafi guda mai tambari da lamba kafin la'asar, kuma abin takaici shi ne magidancin da zai yi rabin awa yana ciniki a kan mudun shinkafa, shi ne zai miƙa kuɗinsa ga yaron da bai san sunan mahaifinsa ba don kawai ya ga hatimi.

Tunda sun kafa hujja da Amurka, bari a faɗi abin da ake yi a can. Majalisar birni ce ke kafa kuɗin da doka, ana sanar da ma'aunin da aka bi, kuɗin yana shiga asusu na musamman wanda ba a taɓa shi don wani aikin, kuma wanda ya ga an zalunce shi yana da inda zai kai ƙara. Duk da haka a 1998 kotun ƙolin jihar Michigan ta rushe irin wannan kuɗi da birnin Lansing ya sa, ta ce haraji ne aka ɓoye ba tare da amincewar masu zaɓe ba. To idan hukumar birni sukutum ta sha kaye, ina ga samari huɗu da littafin rasit? A Najeriya ma tun 1998 aka yi dokar da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai iya karɓa. Saboda haka ka tambayi mai unguwa ko ya san da zancen, ka je ƙaramar hukuma ka ji ko ita ta turo su, kuma idan an ce na hukuma ne ka nemi lambar asusunta na banki maimakon ka ba da a hannu.

Kada a fahimce ni a baibai. Kwatocinmu suna buƙatar kuɗi, kuma wanda ya ga yadda yashi da ledojin fiya-wata ke toshe kwalbati a watan Agusta ya san addu'a kaɗai ba za ta yashe su ba. Idan mutanen layi suka zauna suka yanka wa kowane gida abin da zai bayar, suka zaɓi ma'ajin da kowa ya sani, aka fito aikin gayya, aka kuma karanta lissafi a bainar jama'a, to ka biya har ka ƙara. Sharaɗi ɗaya nake so ka kafe a kai: a sa kuɗin motar kwashe shara a cikin lissafin, domin dattin da aka tsamo aka tara a bakin kwata ruwan farko ne zai mayar da shi ciki, kuɗinku ya tafi a banza. Kuma mai plaza ko gidan mai da ya daɓe filinsa gaba ɗaya bai kamata ya biya daidai da tsohuwa mai ɗaki biyu ba. Wannan kam darasi ne da ya dace mu ɗauka daga Filadelfiya.

Tambaya: Ina gini a Zariya. In daɓe tsakar gida duka da siminti, ko in sa intalok?

Malam, da kuɗin buhun siminti a yau har kana tunanin daɓe gida duka? Ka daɓe hanyar mota da bakin ɗakuna, ka bar sauran ƙasa ko tsakuwa, ka dasa bishiya nesa da bango. Intalok yana barin ruwa ya ɗan nutse ne kawai idan a kan yashi da tsakuwa aka jera shi. Idan magini ya zuba kankare a ƙarƙashi ko ya liƙe tsakaninsa da siminti, ka sayi daɓe mai tsada ne kurum. Ka kula da na jabu wanda aka cika wa yashi, ka kankare gefen guda ɗaya da ƙusa kafin a sauke maka mota, in ya marmashe ka mayar. Sannan ka tsaya da kanka ranar da za a fitar da gangaren ruwa, ya nufi kwatar titi, kada ya nufi katangar maƙwabcinka.