Tambaya da Amsa: Zan fara koyon sassaƙa, wane kayan aiki zan saya?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ni matashi ne daga Gusau, ina sha'awar sassaƙa amma ban taɓa riƙe gizago ba, gidanmu ba masassaƙa ba ne. Na ga ana tallar wani saiti a Facebook mai cizal 12 cikin akwati, in saya ko akwai abin da ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, wallahi tambayar nan ta faranta min rai, don sana'ar nan matasa sun fara gudunta alhali har gobe babu gidan da ba a neman turmi da taɓarya da muciya. Amma saitin nan dai ka haƙura da shi tukuna. Yawancin masu arhar nan ƙarfensu laushi gare shi, kana sara biyu uku bakin ya lanƙwashe, kuma cikin 12 ɗin da ƙyar ka taɓa uku, sauran sai dai tsatsa ta cinye.

Kuɗin nan ka kai wa maƙeri ya ƙera maka ƙaramin gizago, ka ce da sifirin ɗin mota kake so, shi ne ke riƙe kaifi, kuma ka tsaya a sa ƙota a gabanka ka jinjina shi ka ji ko ya zauna a hannunka, don gizagon da ya fi ƙarfin wuyan hannu kafin azahar ka gaji ka fara sara inda ba ka nufa ba. Sai gajeriyar wuƙa mai kauri wadda ba ta naɗewa, irin mai naɗewar nan tana iya rufewa a kan yatsa. Sai cizal ɗaya mai lanƙwasasshen baki na rarake ciki, da magagari, da samfefa lamba 80 da 120 da 220. Gudumar katako kuwa da kanka za ka sassaƙa, kar ka bugi cizal mai ƙotar icce da hamar ƙarfe, fashewa za ta yi. Zarto da gatari ka ara a maƙwabta, ba sai ka saya yanzu ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne dutsen wasa wuƙa, shi za ka fara saya kafin komai. Mutane na zaton kaifi ne ke yanka mutum, alhali dakusasshen ƙarfe ya fi haɗari, don sai ka danna da ƙarfi, yana zamewa kuma sai a tafin hannu. Ka jiƙa dutsen, ka kwantar da bakin a kai kana goga ba tare da ka ɗaga ko ka sauke hannu ba, har ka ji wani siririn ƙarfe ya taso ta ɗaya gefen in ka shafa, sai ka juya, a ƙarshe ka goge a jikin tsohon bel na fata. In ya yi, za ka ga yana fitar da ɓawon icce a nannaɗe, wurin kuma yana sheƙi, in gari yake fitarwa to da saura.

Batun icce, don Allah kar ka fara da ƙirya ko marke, tauri gare su, ƙirya ta masu turmi ce da suka ƙware. Ka nemi malaina ko darbejiya, kuma ɗanye ya fi daɗin yanka, sai dai in ka gama ka shanya a inuwa don rana na tsaga shi. Wurin masu sassabe ko sare reshe za ka samu, ba sai ka kayar da bishiya ba. Fara da muciya, sai koshiya, in hannu ya faɗa ka gwada allo da icen aduwa. Kullum sara ya nufi nesa da jikinka, hannun da ke riƙe iccen yana bayan kaifi, kuma in rabonka da allurar tetanus ya daɗe ka leƙa asibiti a yi maka, sannan ranar kasuwa ka je rumfar masu turame ka gaida dattijon wurin ka roƙi ya bar ka ka zauna kana kallon yadda yake riƙe gizago.