Tambaya da Amsa: Ƙanena ya faɗa zauren masu hura wutar ƙabilanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12. Ƙanena da na ɗauko daga gida yana taya ni, an saka shi a wani zauren WhatsApp wai na kare 'yan Arewa a Legas. Da fari cigiya da sanarwar rasuwa ake turawa. Yanzu kullum bidiyon gawawwaki ne da zagin Yarbawa, har ya daina gaida mai gidan da muke haya. In ƙwace wayar ne? — Wani ɗan kasuwa, Ketu

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kada ka ƙwace, Alhaji. Zai ari ta aboki, kuma 'yan zauren su ce masa ga shi nan, har yayanka ba ya kishin nasa.

Abin da ka bayyana shi ne yadda irin waɗannan zaurukan suke kama mutum. Ba sa farawa da zagi. Yaro ya baro dangi, ya zo garin da ba ya jin yaren mutanensa, wataƙila an taɓa wulaƙanta shi a tasha ko an ƙwace babur ɗin abokinsa bayan hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022. Sai ya sami inda ake ce masa ɗan'uwa, ake jin kukansa. Ɓacin ran nasa gaskiya ne. Ƙaryar tana shigowa ne sa'ad da aka ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabila sukutum. Ka sani kuma, a can ɗaya ɓangaren akwai zaurukan da haka ake yi da sunanmu, kowane yana ɗaukar zagin ɗaya yana nuna wa mutanensa a matsayin hujja.

Bidiyon nan su ne suka fi damuna. A Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook, kuma 'yan sandan jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen haddasa kisan ramuwa da aka yi wa matafiya. Da BBC ta bincika, ɗaya daga cikin bidiyon a Kongo-Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. Mu a Legas ba sai an ba mu labarin rikicin ƙabilanci ba: Ketu a 1999, Idi-Araba a 2002, da kasuwarku a Maris 2016, wadda gwamnati ta rufe, kaya suka ruɓe. Waɗanda suka yi asara 'yan dako ne da ƙananan 'yan kasuwa na kowane ɓangare.

Don haka ka zauna da shi bayan Isha'i, ku kalli bidiyo guda tare. Tambaye shi a hankali: wane gari ne? Yaushe? Wa ya ɗauka? Manhajar binciken hoto ta Google Lens kan nuna inda hoto ya taɓa fitowa a baya. Bari ya gano da kansa.

Sannan ka gaya masa doka. Sashe na 26 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya haramta yaɗa ƙiyayyar ƙabilanci, kuma hukuncin na iya kai wa shekara 5 a gidan yari. In ya yarda ya fita daga zauren, masu kula da shi kaɗai za a sanar wa, kuma yana iya saita wayar yadda ba kowa zai sake jefa shi wani ba.

Maganar mai gida kuwa, wannan kada ka ɗaga masa ƙafa. Gobe da safe ku je tare ku gaishe shi, ka sa shi ya riƙa kai kuɗin haya da hannunsa. Allah Ya shirya mana shi.