Makin wasannin bidiyo: toshiya ce ko son kai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon wasan bidiyo a Sabon Gari, nan Zinder, da PS4 guda uku. Kafin in sayi wasa nakan duba makin da manyan shafuka suka ba shi. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, wasan ƙwallo na kamfanin EA kusan abu ɗaya ne kowace shekara, amma sai a ba shi 8 cikin 10, wani wasan kuma a ce bai zo da sabon abu ba, a ba shi 6. Toshiya ake ba su ne, ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da idonka ya gani haka yake, ba ka yi musu ƙage ba. Sai dai ban yarda a tattara komai a kira shi toshiya ba, don in muka tsaya nan, inda ainihin ɓarakar take zai wuce mu.

Matsin kuɗi kam akwai shi. A Nuwamban 2007 shafin GameSpot ya sallami babban editansa Jeff Gerstmann bayan ya ba wasan Kane & Lynch: Dead Men maki 6, a lokacin da kamfanin Eidos mai wasan ya cika shafin da talla. A 2012 Gerstmann da bakinsa ya tabbatar cewa matsin masu talla na cikin abin da ya jawo korarsa. Amma yawanci abin bai fito fili haka ba. Kamfani ne ke ba ɗan jarida wasan kafin ya shiga kasuwa, shi ke tsayar da ranar da za a yi magana, wani sa'in har da abin da za a nuna. Dubi Cyberpunk 2077 da ya fito ranar 10 ga Disamban 2020: na kwamfuta kawai aka raba wa masu sharhi, suka zuba masa maki, na PS4 kuwa aka ɓoye shi. Da ya isa hannun mutane sai ga shi yana sarƙewa yana mutuwa, har kamfanin Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet, bai dawo ba sai Yunin 2021. Da ka bi makin farko ka saya wa shagonka, da kuɗinka sun tafi a banza.

Game da wasan ƙwallon da ka ambata, ka tuna shafi ɗaya marubuta da yawa gare shi. Wanda ake miƙa wa FIFA, da yanzu ake kira EA Sports FC, galibi masoyin ƙwallo ne, kuma da na bara yake gwada shi: gudun ƴan wasa ya gyaru, mai tsaron gida ya rage shirme, to ya ci 8. Wanda aka ba wasan yaƙi kuwa yana gwada shi da duk wasannin yaƙin da ya taɓa bugawa. Mutum biyu ne da ma'auni biyu, amma sunan shafi ɗaya kake gani a sama. Kuma in sun so suna iya tsanantawa. A 2020 wani marubucin shafin IGN, Simon Cardy, ya ga FIFA 21 na Nintendo Switch bai bambanta da na shekarar da ta gabata ba, sai ya kwafo tsohon sharhinsa ya sake liƙawa, ya ba shi 2 cikin 10.

Inda nake ganin laifinsu sosai shi ne maganar sayar da fakitin ƴan wasa na Ultimate Team, wani sashe na wasan FIFA, inda yaro ke zuba kuɗi bai san wa zai fito masa ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce irin wannan caca ne, EA ta daina sayar da kuɗin wasan a can farkon 2019. Amma sharhi da yawa layi ɗaya suke ba wannan batu, makin kuma bai motsa ba. Wannan bai kamata ba ko kaɗan, don ƙannenmu ne ke faɗawa ciki.

Shi kansa makin ba yadda muka saba yake ba. A lakkol ɗinmu 10 bisa 20 ka tsira, 14 kuwa har a yi maka barka. A wajen waɗannan shafuka 7 cikin 10 ne matsakaici, 5 kuwa kamar an yi wa wasa jana'iza. Shafin Metacritic, da ke tattara makin shafuka daban-daban tun 2001, sai wasa ya kai 75 yake ba shi launin kore, alhali fim daga 61 yake samu. Kuma yana ba wasu shafuka nauyi fiye da wasu, bai faɗi yadda yake rabon ba. Kai da ke karanta Faransanci za ka lura shafin Gamekult ya fi shafin jeuxvideo.com rowar maki. Lambar nan kuma tana taɓa abincin mutane: kamfanin Obsidian ya rasa ladan ƙari a kan Fallout: New Vegas na 2010 saboda ya samu 84 maimakon 85 a Metacritic. Mai sharhin da ya san haka, hannunsa kan yi sanyi. Shafin Polygon kuwa ya daina ba da maki a 2018.

Makin jama'a ma ba tsira ba ne. A 2020 dubban mutane suka yi wa The Last of Us Part II ruwan sifili sa'o'i kaɗan da fitowarsa, kafin a iya gama shi, har Metacritic ya sa jiran awa 36.

Sai abin da ya fi shafar ka. Mai sharhin nan yana zaune inda kuran ba ta yankewa, intanet kuma ba a lissafa masa mega. Wasan tseren mota Gran Turismo 7 ya samu 87 a Metacritic a 2022, amma yawancin sassansa ba sa buɗewa sai da intanet, kuma a makonninsa na farko ya yi fiye da awa 30 a rufe saboda gyaran na'urorin kamfanin. A Damagaram wannan 87 ɗin ba ta gaya maka komai.

Don haka in za ka saya, buɗe shafin PS4 a Metacritic, don kowace na'ura da makinta daban. Ka yi haƙurin sati biyu ko uku bayan fitowar wasa, ka kalli bidiyon wanda ke buga shi a PS4 irin taka a YouTube. A cikin sharhin kuma ka nemo abu uku: ko mutum biyu za su iya karawa a talabijin ɗaya ba intanet, giga nawa sabuntawar farko za ta ci, da ko sai an ƙara kuɗi a ciki kafin a ji daɗinsa. In marubucin bai taɓo su ba, nemi wani.