Ƙaramar mota a Ingila: ba a gidan mai kaɗai kuɗin ke tafiya ba

Wata 'yar'uwa ce ta rubuto daga Birmingham. Wata bakwai ke nan da zuwanta, aikinta kula da tsofaffi gida-gida, kuma jiran bas ya ishe ta. Ta tara fam dubu biyar, tana neman ƙaramar mota marar shan mai. Lasisinta na Najeriya ne. Yayanta da ke Kano kuma ya ce ta zaɓi mai kyau, in ta gama da ita sai ta auno masa.

'Yar'uwa, Allah ya sa albarka a nema. Kafin maganar mota, mu fara da lasisi, don shi ne mai wa'adi. Lasisin Najeriya wata 12 kacal yake yi miki aiki daga ranar da kika zama mazauniyar ƙasar, kuma ba ya cikin waɗanda hukumar lasisin tuƙi ta DVLA ke musanyawa da na Birtaniya. Wata biyar suka rage miki ke nan. Ki nemi lasisin koyo a makon nan, ki ci jarrabawar kwamfuta, ki kama ranar gwajin tuƙi tun yanzu, don layin yana da tsawo, ana yin watanni. Abin lura ɗaya: wanda ya ci gwaji da mota otomatik ba shi da izinin tuƙa mai giya. Ki yanke shawara a kan wannan kafin ki biya kuɗin kowace mota.

Yanzu lissafin mai. A can da mil da galan ake aunawa, galan ɗinsu kuwa lita 4.55 ne. A ce kina cin mil 10,000 a shekara. Motar da ke yin mil 35 a galan za ta sha kusan lita 1,300. Mai yin mil 55 za ta sha lita 826. Bambancin ya kai lita 470, kuma in aka ɗauka lita tana fam 1.40, kin tsira da sama da fam 650. Wannan kuɗi ne. Amma tsakanin mai mil 55 da mai mil 60, lita 70 ce kawai, ba ta kai fam ɗari ba. Kada dillali ya ƙara miki fam dubu a kan wannan ɗan bambanci. Adadin da kamfani ke rubutawa a talla ma ba ya fitowa a titi, balle da sanyin hunturu, injin bai gama ɗumi ba kin iso gidan gaba.

Dizal ki rabu da ita gaba ɗaya. Tana da tsimin mai a babbar hanya, amma a salansarta akwai matatar toka wadda sai an yi doguwar tafiya da gudu take ƙone abin da ta tara. Tafiyar minti biyar-biyar irin taki toshe ta take yi, fitila ta kama a gaban direba, motar ta daina ja, gyaran kuma ya cinye ribar man shekara biyu. Ga kuma harajin tsakiyar Birmingham: motar da ba ta cika ƙa'idar hayaƙi ba fam 8 take biya duk ranar da ta shiga, a Landan fam 12.50. Mai fetur ta 2006 zuwa sama galibi ta tsallake, dizal kuwa sai ta wajen ƙarshen 2015.

Motocin da suka dace da aikinki ba su da yawa. Toyota Yaris mai haɗa fetur da batir, wadda aka fara sayarwa a 2012, ita ce sarauniyar tsaya-ka-tashi, domin a cunkoso injin yakan mutu batir ya ja, birki kuma ya mayar masa da caji. Otomatik ce, ba ta da kuloci. Sai dai kuɗinta zai iya lashe duk abin da kika tara. Toyota Aygo, Citroën C1 da Peugeot 107 kusan mota ɗaya ce aka sauya wa tambari, injin lita ɗaya mai silinda uku, kayan gyara a ko'ina, amma bayanta ƙunci, ko buhun shinkafa da keken yaro ba sa shiga tare. Hyundai i10 da Kia Picanto suna nan kusa da su. Honda Jazz ta fi su fili nesa ba kusa ba. A ganina, da kuɗin da ke hannunki, ki sayi ta fam dubu uku zuwa uku da rabi, ki bar sauran wa inshora da taya.

Inshorar nan ita ce inda sababbin zuwa ke kuka, don takan fi kuɗin man shekara. Kafin ki je ganin mota, ki saka lambarta a shafukan kwatanta farashi ki ga abin da za a caje ki. Kuma ki faɗa musu gaskiyar aikinki. Inshorar zuwa wurin aiki ɗaya ba ta rufe mai yawo gida-gida, sai an ƙara ta amfanin aiki. In aka yi hatsari aka gano, kamfanin zai iya zame jikinsa. Tuƙi babu inshora tarar fam 300 ce da makin laifi shida a lasisi, maki shida kuma a shekara biyun farko bayan cin gwaji soke lasisi suke yi. Kada ki yarda wani ɗan'uwa ya sa sunansa a matsayin babban direba don a samu rangwame, zamba ce a dokarsu, kuma mai neman takardar zama ba ya wasa da irin wannan tabo.

Ranar ciniki, ki je da rana, ki ce kada a tayar da motar kafin ki iso, don injin mai sanyi ba ya ɓoye ƙara. Ki buɗe murfin baƙin mai: in kin ga farin kumfa kamar madara a jikinsa, akwai yiwuwar ruwa na haɗuwa da mai. Tarihin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kyauta ne a shafin gwamnati, da lambar mota kawai. A nan za ki ga ko an mayar da mil baya, da ko an sha yi mata kashedin tsatsa. Ki biya ɗan kuɗi a binciko ko akwai bashi a kanta ko an taɓa yanke mata hukuncin mummunan hatsari. Sunan da adireshin da ke takardar rajistar mota ta V5C su dace da mai sayarwa da inda kika tsaya. Harajin hanya ba ya bin mota zuwa sabon mai ita, sai kin biya naki kafin ki ja ta. Wadda aka yi wa rajista kafin Afrilun 2017 mai ƙarancin hayaƙi fam 20 take biya a shekara, ta bayan nan kusan fam 200.

Ki riƙa rubuta mil ɗin da kike yi tsakanin gidaje. In abin da wurin aiki ke biyan ki bai kai ma'aunin hukumar haraji ba, kina da damar neman rangwamen haraji a kan giɓin.

Shi kuwa Yaya, ki ba shi haƙuri. Motar Ingila sitiyarinta a dama yake, Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma doka ta hana shigo da irin wannan mota. Juya sitiyari a gareji yakan bar matsala a waya da birki. In lokaci ya yi, ki sayar da ita a nan Birmingham, ki tura masa kuɗin ya sayi 'yar Beljiyam a Kano.