Tambaya da Amsa: Me ya sa 'yan bola-jari suke tsallake ledar madara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na lura masu tsintar kaya a bola suna kwashe gorunan roba da ledar fiya-wata, amma ba sa ko kallon ledar madarar gari da ta biskit. Shin ba duk roba ba ce? Kuma akwai yadda za a yi a riƙa sake sarrafa su? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, idan ka yage ledar madara ka duba bakin da ya yage, za ka tarar falle-falle ce aka manne wuri guda. Na waje, wanda ake buga suna da hoto a kansa, yawanci robar PET ce, irin ta gorar ruwa. Na tsakiya mai sheƙi siririn alminiyam ne da ke hana iska da danshi da haske lalata madarar. Na ciki kuwa foliyetilin ne, wato wani nau'in roba mai laushi, wanda ake liƙe bakin ledar da shi.

Matsalar tana wajen narkarwa. Foliyetilin yana narkewa ƙasa da digiri 135 a ma'aunin Salsiyas, PET sai zafi ya kai wajen digiri 250, alminiyam kuwa sai 660, saboda haka idan aka zuba su tare a injin, abin da zai fito gauraye ne mai saurin karyewa wanda ba mai saye. Ledar fiya-wata foliyetilin ce zalla, shi ya sa take da kuɗi a wurin dillalai.

Gyaran da ya fi tasiri yana hannun masana'anta, wato su ƙera dukkan fallayen da dangin roba ɗaya, sannan su maye gurbin alminiyam da wani shafi siriri ƙwarai. Tarayyar Turai ta matsa musu lamba da dokar da ta fara aiki a 2025, wadda ta ce daga 2030 dole kowane mazubin kaya ya zama mai yiwuwar sake sarrafawa. Akwai kuma hanyar narkar da falle ɗaya da sinadari a tace shi daban, wadda kamfanin Unilever ya gwada a Indonesiya, sai dai tana cin kuɗi sosai.

A ganina, ko an gyara ƙirar, da sauran rina a kaba a nan gida: bola-jari da kilo yake sayarwa, kuma sai ya tara ɗaruruwan waɗannan ƙananan ledoji kafin sikeli ya nuna kilo ɗaya. Muddin kamfanonin da suke zuba su kasuwa ba su biya kuɗin tattarawa ba, a magudanan ruwa za su ci gaba da ƙarewa.