Injin feshin ruwa na wanki a gida: ka fara duba ruwanka da wutarka kafin ka saya

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana son sayen injin feshin ruwa mai aiki da lantarki, ƙaramin irin na masu wankin mota, don wanke motar gida da intalok da tayil da bango da kafet. Ka ce a Arkilla kake, ruwanku na burtsatse ne da ake turawa tanki, idan an ɗauke wuta kuma sai janareta. Kana tambayar wane girma ya dace, kuma ko janareta zai ɗauka.

Injin yana biyan buƙata, musamman a garin da ƙura ba ta ƙarewa irin Sakkwato. Sai dai abin da ya fi kashe shi a nan ba yawan aiki ba ne. Ruwa mai rairayi, ruwa mai zafi, iska a cikin tiyo da wuta mara ƙarfi, su ne ke kai shi wurin mai gyara.

A jikin kwali lamba uku ce abin dubawa. Ta farko ƙarfin matsi, ana rubuta shi da bar. Na gida yakan kama daga 110 zuwa 150. Idan da PSI aka rubuta, ka raba da 14.5, wato PSI 2000 ya kusa bar 140. Lambar da suke bugawa da manyan baƙaƙe ita ce iyakar abin da injin zai iya kaiwa, ƙarfin da yake aiki da shi kullum bai kai haka ba. Ta biyu yawan ruwan da yake fitarwa, lita 360 zuwa 500 a awa. Masu saye ba su cika kallon wannan ba, alhali ita ce ke sa aiki ya yi sauri, don matsi ɓamɓare datti kawai yake yi, yawan ruwa ne ke kore shi. Ta uku wutar da yake ja, wat 1400 zuwa 2100. Ga ayyukan da ka lissafa, mai bar 130 zuwa 140, lita 420 ko sama, wat 1800 ya wadatar. Idan da hali ka nemi wanda famfon cikinsa na tagulla ne ko na alminiyam, ya fi na roba jure zafi. Ƙananan nan masu batir da ake tallarsu a Facebook ba su kama ƙafar wannan ba ko da an rubuta musu babbar lamba; na ɗauraye ƙurar babur ne, ba na intalok ba.

To, ruwa. Injin ba ya ƙirƙirar ruwa, abin da aka ba shi yake matsawa. Mai lita 420 a awa yana shan lita 7 kowane minti. Ka ga jarka ɗaya ta mai ruwa, mai lita 25, ba za ta kai minti huɗu ba idan ka riƙe bindigar feshin, wato abin da ake matsawa ruwa ya fito, a buɗe, duro mai lita 200 kuma kusan rabin awa zai yi. Kafin ka biya kuɗi ka yi gwaji: ka ɗaura tiyo a famfon da za ka riƙa amfani da shi, ka tara bokiti mai lita 10. In ya cika cikin minti ɗaya, ruwanka ya isa. In ya ɗauki minti biyu, injin zai riƙa shan iska, ƙarfinsa na hawa yana sauka, robobin da ke toshe famfon cikinsa su yi zafi su cinye. Tankin sama ba ya ba da matsi mai yawa: kowace mita ɗaya ta tsayi kashi ɗaya cikin goma na bar ce, tankin da ke mita biyar a sama rabin bar ke nan. Don haka ka sa tiyo mai faɗi, rabin inci ko uku bisa huɗu, gajere, mara lanƙwasa, kuma ka ɗauko daga famfon da ya fi kusa da tanki. Wasu injinan suna iya zuƙo ruwa daga duro da kansu, amma sai da tiyon zuƙa mai bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya, kuma gara a ɗora duron a kan bulo ya fi injin tsayi.

Rairayi shi ne babban maƙiyi. Ruwan burtsatse yakan zo da rairayi mai laushi da ido ba ya gani sosai, ya kwanta a gindin tanki. A bakin da ruwa ke shiga injin akwai 'yar matata kamar raga. Ka zare ta ka wanke bayan kowane aiki. Ita kaɗai ba ta isa ba, ka ƙara filta ta waje mai kofin da ake gani ta cikinsa, ka ɗaura tsakanin tiyo da injin. Ƙwayar rairayi ɗaya in ta maƙale a bawul, sai ka ga inji na ƙara amma babu ƙarfi. Kada ka zuƙi ruwan ƙarshen tanki, kuma ranar da aka turo sabon ruwa ka bar shi ya kwanta tukuna.

Sai zafi, wanda mutanen wasu garuruwa ba za su faɗa maka ba don bai dame su ba. Yawancin injinan gida an yi su ne don ruwan da bai wuce digiri 40 ba, za ka ga haka a takardarsu. Daga Maris zuwa Mayu iskar garin nan kanta tana haura 40, balle baƙin tankin roba da ya wuni a rana, balle ruwan da ya kwanta cikin tiyo a kan siminti. Ruwan da ka taɓa da azahar ka janye hannu, bai dace ya shiga injin ba. A bazara ka yi wanki bayan asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar sakaliya in ruwan ya huce, kuma ka zubar da na farkon tiyo. Injin kansa a ajiye shi a inuwa.

Maganar janareta: ƙaramin nan mai wat 650 zuwa 950 ba zai ɗauka ba, kada ma a gwada. Inji mai wat 1800 yana jan kusan amfiya 8 a wutar bolt 230, kuma a lokacin tashi yana jan fiye da haka. Ga shi duk sakin bindiga da sake matsawa sabon tashi ne, tunda yawancinsu suna kashe kansu in an saki. Ka nemi janaretan da ƙarfinsa ya kusa ninka na injin, kamar kVA 3 zuwa 3.5, ka kashe firiji da dutsen guga da famfon burtsatse lokacin wankin. Wutar NEPA in ta zo rabi-rabi, fanka na juyawa da ƙyar, ka haƙura. In ka kunna, injin zai yi gurnani, wayar cikinsa ta ƙone. Wayar ƙari kuma ta zama mai kauri, milimita 2.5, kada ta wuce mita 25 ko makamancin haka, kuma a warware ta duka, don in tana naɗe zafi take yi. Mahaɗar wayoyin a ɗaga ta daga ƙasa, a ɗora bisa kujera ko bulo nesa da ruwa. Ka sa mai gyaran wuta ya tabbatar soket ɗin na da wayar ƙasa mai aiki, in da hali ya sa maka bireka mai yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, mai miliamfiya 30. Gidaje da yawa soket mai ƙafa uku ne a fuska, ƙafa ta ukun ba ta haɗe da komai. Kuma kada a yi wanki ba takalmi. Takalmin roba rufaffe, ba silifa ba.

Tsarin kunnawa yana da muhimmanci. Ka haɗa tiyo da bindiga, ka buɗe famfo, ka matsa bindigar injin na kashe har ruwa ya fito sumul ba tari, kamar rabin minti zuwa minti ɗaya. Sannan ka kunna. In ka gama, ka kashe injin, ka rufe famfo, ka matsa bindiga sauran matsin ya fita, sannan ka kwance. Wanda ya kwance da matsi a ciki shi ke yaga zoben robar mahaɗa.

Kawunan feshi in masu launi ne: ja tsinin ruwa ne tsaye, rawaya faɗin feshinsa digiri 15, kore 25, fari 40, baƙi na sabulu. A gida kore da fari ne abokan aikinka. Jan ka jefa shi a akwati, yana zana layi a siminti, yana huda taya, ba shi da wani aiki a tsakar gida. In sanda ce mai murɗawa, ka buɗe ta ruwan ya yi faɗi. Ko'ina ka fara daga nesa, kamar rabin mita, a lungun da ba a gani, sannan ka matso a hankali.

Intalok: ka share busasshiyar ƙura da tsintsiya tukuna, in ba haka ba caɓi za ka kwaɓa. Ka karkata bindigar, kada ka saita ta tsaye cikin tsagar duwatsun, don rairayin da ke tsakaninsu shi ke riƙe su. Duk da haka wani zai fita. In wurin ya bushe ka zuba sabon rairayi mai laushi ka share shi ya cika tsagogin. Wanda bai yi haka ba, damina na zuwa zai ga duwatsu na rawa suna nutsewa. Ka fara daga wuri mai tudu ka kora zuwa kwata, kuma ka duba inda ruwan zai fita, kada ya kwanta a ƙofar maƙwabci. Tayil na waje farin kai ya ishe shi, ka kauce wa inda ya tsage ko ya ɗaga, ruwa zai shige ƙasansa. Cikin ɗaki ba wurin wannan inji ba ne.

Bango kuwa sai a yi hattara. Ginin ƙasa da yaɓen laka, ko wanda aka shafa wa siminti a kai, kada feshin ya kusance shi ko kaɗan. Bangon bulo mai fentin ruwa, ka tsaya nesa da mita ɗaya ka ɗauraye ƙura kawai. Duk inda fenti ya fara kumbura zai tashi, ka sayo wa kanka aikin mai fenti. Ka nisanci mita da soket da fitilun bango, kuma kada ka saita ruwan a gefen taga.

Mota a lokacin hunturu, ƙurar da ke jikinta kamar takardar goge katako take in aka sa soso a busasshe. Ka fara kore ta da farin kai daga sama zuwa ƙasa, da tazarar santimita 30 ko fiye, sannan sabulu da soso, sannan ɗauraya kafin sabulun ya bushe. A inuwa, ba a kan ƙarfen da ya sha rana ba. Gefen taya, robar gilashi da inda fenti ya ɗan ɓantare, ka ja baya. Cikin bonet ni ban ba da shawara ba; motocin yanzu cike suke da mahaɗun waya, ga lagireto da haƙarƙarinsa ke lanƙwashewa da ɗan matsi. Babur ma haka, ko na gida ko na kabu-kabu: kada a saita ruwa a boris ɗin taya, da sarƙa, da kafireta, da bakin salansa. Matsin na kore giris ya bar ruwa a ciki, bayan 'yan makonni a ji taya na kuka. A shafa wa sarƙa mai bayan wanki.

Kafet a kaɗe shi tukuna, a shimfiɗa a siminti mai gangara, a goga sabulu da burushi, a kora da farin kai ta gefe ɗaya har kumfa ta ƙare. Mai gam a bayansa da mai gashi mai laushi ba su jure wannan. Farantan sola kuma bokiti da tsumma mai laushi da sassafe sun fi. Matsi na iya tura ruwa ta gefen firam, ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi kuma na iya tsaga shi. Na'urar sanyaya ɗaki ta waje, tiyo kawai, bayan an kashe wuta. Inda injin ke burge kowa shi ne bayan yankan layya da turken raguna: a kwashe tumbi da kashi da shebur, a jiƙa jinin kafin ya bushe, a zuba sabulu saboda kitse, don ruwan sanyi kaɗai ba ya narkar da shi.

Garin sabulu kada ya shiga tankin injin, yana daskarewa ya toshe hanya. Na ruwa ake sawa, kuma sai da baƙin kai yake jansa. Bilic da ruwan wankin masai mai asid suna cin roba da alminiyam. In wuri na buƙatarsu a zuba da bokiti, kuma kada a taɓa haɗa su biyun, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Yara za su so wasa da bindigar, ka hana. Ruwan na iya huda fata ya tura datti ciki, a waje ka ga ɗan rauni, ciki kuwa ya yi nisa. In hakan ta faru asibiti za a nufa nan take. Kada a wanke ƙafa ko dabba da shi, a sa tabarau saboda tsakuwar da ke tashi, kuma kada a hau tsani da shi don yana tura hannu baya.

In ka ji yana tashi yana mutuwa da kansa alhali ba ka matsa bindiga ba, yoyo ne a wata mahaɗa, yawanci zoben roba ne ya bushe ya tsage saboda zafi. In ƙarfi na zuwa yana yankewa, ka duba matata, lanƙwasar tiyo, sannan kan feshi. Ka cire wuta, ka zare kan, ka tsokace shi da siririyar wayar da ke zuwa a kwali, ba ƙusa ba, don in ramin ya buɗe matsi ya tafi ke nan. In farin ƙanzo ne ya kama shi, ka jiƙa shi cikin ruwan lemun tsami. In ya mutu ana cikin aiki kuma jikinsa da zafi, ka bar shi ya huce kamar rabin awa. Ajiya a ɗaki, a rufe saboda ƙura, tiyon matsi a naɗe shi da faɗi a rataye inda ɓera ba zai kai ba. Kuma tun a shago ka tambayi mai kaya ko yana da tiyon matsi da bindiga da zobban roba na wannan samfurin, ka sa a gwada maka shi da ruwa a gabanka, don mahaɗar kowane kamfani daban take, ta Kärcher ba ta shiga ta Bosch sai da abin haɗi.